Ranar da Na Kira Baffa da Sunansa

Na gaji da jin yadda kuke ba da labarin nan a gidajen biki, ku da 'ya'yanku. Wasu na cewa wai yayanku Baffa ya mutu a asibiti a Birnin Kudu, na daka masa tsawa ya dawo. Wasu kuma, musamman ke Balaraba da bakinki ba ya hutawa, na cewa na zagi kakanku a gaban likita har ya yi kuka. Baffa bai mutu ba, kuma tsawa ba ta tayar da matacce. Kakanku kuwa ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar da garin barkono ya shiga masa ido. Maganar zagi ce dai ke da ƙanshin gaskiya, shi ya sa na zauna zan rubuta muku yadda aka yi, tunda duk waɗanda suka gani da idonsu sun riga mu gidan gaskiya.

Sai na fara da abin da ku 'yan yanzu ba ku sani ba, ku da kuke rungumar ɗan fari a gaban suruka kuna ɗaukar hoto. A zamaninmu a Sara, mace ba ta kallon ɗan farinta a gaban mutane. Ba ta yi masa wasa, ba ta kiran sunansa, ko kuka yake sai ta jira wani babba ya ce mata "ke, ba shi nono mana" sannan ta ɗauke shi tana kau da kai. Ni kuma tawa kunyar biyu ce, domin sunan kakanku Malam aka sa wa yaron, Sulaimanu. Sai ya zama duk gidan babu mai iya kiran sunan. Iya, kakarku, sunan mijinta ne. Babanku sunan ubansa ne. Aka laƙaba masa Baffa kowa ya huta. Ni ko Baffan ba na faɗa, sai dai "yaron nan" ko "ɗan Iya". Na iya abin sosai, har Iya take yawo da ni a baki, tana gaya wa mata a bakin rijiya cewa duk ƙasar Gwaram babu mai kunyar surukarta.

Abin da Iya ba ta sani ba shi ne abin da ake yi da hantsi, in kowa ya tafi gona aka bar ni da yaron da tukunya. Malam, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma bai taɓa cin miyata ya yi shiru ba. Yau gishiri ya yi yawa, gobe ya yi kaɗan, jibi daddawar ce ba ta ji wuta ba. Ba ya gaya mini, don ba ma haɗa ido. Daga zaure yake gaya wa kwanon, da ƙarfi, yadda zan ji daga madafa. Ni kuma yarinya ce mai zuciya, ba ni da inda zan sauke. To ga mai sunansa a cinyata, ga gida ba kowa. Sai in ɗaga shi sama in kalle shi ido cikin ido in rera masa abin da ke raina:

Sule, Sule mai ƙaton kai,
Sule mai faɗa kan gishiri,
Ba ka daka, ba ka tankaɗe,
In an kawo ka fi kowa loma.

Yaron nan ya riƙa ƙyalƙyala dariya ke nan har da shaƙuwa. Tun yana zama har ya fara tafiya, kullum sai mun yi. Da ya ji na ce "Sule" a hankali, ko barci yake sai ya buɗe ido yana neman fuskata. Ban ɗauke shi zunubi ba a lokacin, yanzu ma ban ɗauka ba.

Bai daɗe da yaye ba, ƙarshen damina, zazzaɓi ya kama shi. Iya ta yi hayaƙi, ta yi jiƙo, Malam ya yi tofi. Jikin ya ƙi sauka. Wata safiya ya fara jijjiga, idanu suka juye, da ta sake shi kuma bai farka ba. Haruna, ƙanin babanku, yana jan motar haya tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, shi ya kwashe mu. Malam a gaba, Iya da yaron a cinya, babanku a gefenta, ni a can baya kusa da buhunan wani. Hanyar nan duka ban kalli yaron ba. Ƙafarsa kawai nake gani tana lilo daga cikin zanen Iya.

Likitan da ya karɓe mu a ɗakin yara wani siririn saurayi ne ɗan birnin Kano, wuyansa kamar a busa ya faɗi. Ya buɗe tafin hannun yaron ya duba, ya ja fatar idonsa ƙasa, ya buɗe baki ya leƙa dasashi. Ya danna farcensa ya saki yana kallo. Ya taɓa ƙafafu, ya tsaya yana kallon ƙirjin yana hawa yana sauka, ya haska masa tocila a ido, sannan ya dunƙule hannu ya murza masa ƙashin ƙirji.

"Wannan duba mara lafiya yake ko cinikin akuya?" in ji Iya, ba ta ko rage murya ba.

Likita ya yi kamar bai ji ba. Ya ce, "Wace ce uwarsa?"

"Ni ce," in ji Iya.

Ya dubi Iya, ya dubi bakinta da haƙori bai fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. "Inna, wadda ta haife shi nake nufi."

Iya ta turo leɓe ta nuna ni. Ina zaune a bakin gado na ba yaron baya, ina kallon bango kamar an rubuta mini wani abu a jiki. Likitan ya daɗe yana kallon ƙeyata. Na san abin da yake tunani, ya ɗauka ko faɗa aka yi a gida, ko kuma ni ce irin matan da ba su damu da 'ya'yansu ba. Na ji zafin wannan kallon ƙwarai, amma ban juyo ba.

Ya koma kan maza ya yi musu bayani, ni kuma kunnena yana wurin. Ya ce zazzaɓin sauro ne ya hau kai, kuma ya shanye jini, shi ya sa tafin hannu da ido suka yi fari fat. Ya ce farcen nan da ya danna, in mai lafiya ne jinin take yake komawa, na Baffa kuwa sai ya yi ta jan jiki. Ƙafafu sun yi sanyi alhali jiki da zafi. Numfashin ya yi zurfi da sauri. Abin da ya fi damunsa kuma, ya murza ƙirjin da ƙarfin da zai sa yaro ya ture hannun mutum, Baffa ko yatsa bai ɗaga ba.

Malam ya ce, "Likita, bar zagaye. Zai tashi ko ba zai tashi ba?"

"Baba, wannan Allah kaɗai ya sani. Ni alamu nake karantawa. Yaran da ke zuwa da waɗannan alamu a haɗe, da yawa ba sa kai labari, ba zan ɓoye maka ba. Amma alamu suna juyawa in an yi magani. Gobe zan sake dubawa in ga ina suka nufa."

Malam ya jinjina kai. "Kamar hadari ke nan. Mu ma mukan dubi gabas mu ce za a yi ruwa, iska ta zo ta kwashe."

"Haka ne, Baba."

Aka sa masa ƙarin ruwa da allurai, aka zura masa roba ta hanci don abinci. Aka ce sai an ƙara masa jini, na babanku ya dace. Babanku da kuka sani da gemu yana muku faɗa, da ya ga allurar ɗibar jini sai da aka yi masa fifita da murfin kwano. Ya fito yana dafa bango yana cewa ai santsi ne a ɗakin.

Washegari yaron bai farka ba, sai asibiti ya cika da likitoci daga gidanmu. Iya ta ce ita ta yi wa yara wanka na ƙarshe ba adadi, ta san fuskar tafiya. Ta ce a dubi hancinsa yadda ya tsaya, a taɓa kunnensa yadda ya yi laushi. Haruna, da ya shigo bayan ya sauke fasinja, ya kara kunne a ƙirjin yaron ya saurara, ya miƙe yana girgiza kai ya ce shi ya san inji, in ya fara irin wannan ƙarar to saura kaɗan ya buga. Wata mai sayar da kunu a bakin ƙofa ma da ta leƙo sai da ta faɗi nata. Kowa ya duba, kowa ya yanke, kuma duk bakinsu ɗaya.

Kada ku ɗauka mugunta ce ta sa Malam ya yanke abin da ya yanke. Shi a ganinsa, in mai sunansa zai cika, ya cika a ɗakin da aka haife shi, a yi masa sutura cikin danginsa, ba a garin mutane da roba a hanci ba. Ya ce Haruna zai yi sawunsa na ƙarshe bayan la'asar. In har lokacin babu canji, a cire robobin nan a naɗe yaron mu tafi gida. Babanku ya sunkuyar da kai, don bai taɓa musa wa ubansa ba. Ni ba a tambaye ni ba. Wa zai tambayi uwar ɗan fari?

Bayan azahar likita ya zo zagaye. Ya sake cinikin akuyarsa daga farko har ƙarshe, sai na ji muryarsa ta canza. Ya ce farcen yanzu yana maido jini da wuri, ƙafafu sun yi ɗumi, numfashin ya lafa. Ya ce a duba, ya murza ƙirjin. Na saci kallo ta gefen mayafi, na ga hannun Baffa ya taso a hankali ya dafa hannun likita kamar zai ture.

"Jiya bai yi wannan ba," in ji likita. "Alamun sun fara juyowa."

"Ko kaza aka yanka tana motsi," in ji Iya.

Da aka gaya masa maganar tafiya, sai siririn nan ya tsaya a bakin gado ya baza hannu kamar mai tare awaki. Ya ce in aka cire ruwan nan da allurai aka ɗora yaron a kan hanyar Gwaram, duk abin da ya juyo zai koma inda ya fito, kuma wannan karon ba ya jin za a samo shi. Ya roƙi Malam har da cire hula.

Malam ya ce, "Yaro, na ga kana da kirki. Amma farce ba ya magana. Ni manomi ne, ka nuna mini abin da idona zai gani."

Likita ya ce saura mataki ɗaya da kowa zai iya gani. In yaro ya fara fitowa daga irin wannan suma, yakan buɗe ido in ya ji muryar da ya sani, ya kuma bi fuskar mai maganar da kallo. In Baffa ya yi haka, to ya kamo hanya. Malam ya ce ya yarda, a gwada, in bai yi ba kuma kada a sake tare shi.

Likita ya fara da kansa, ya sunkuya ya ce "Sulaimanu", duk gidanmu suka kau da kai kamar an yi tusa. Shiru. Iya ta ture shi ta kawo fuskarta dab da ta yaron tana "Baffa, angona, tashi ga amaryarka." Shiru. Babanku ma ya gwada. Haruna ya karkaɗa makullan mota a kunnensa, ya yi masa ƙarar hon da baki, har yaran sauran gadaje suka fara dariya. Baffa bai motsa ba.

"Uwar fa?" in ji likita.

Iya ta gyara zama, ta ɗaga kai, ta ce, "Ita ai ba ta taɓa yi masa magana ba. Ko muryarta bai sani ba. Ka je Sara ka tambaya, ba a yi mai kunyarta ba."

Ina jin haka aka fara kiran sallar la'asar a masallacin bakin asibiti. Malam ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Haruna, juyo da mota." Ina kallon bangon nan, na san abin da yaron zai amsa, ni kaɗai a duniya na sani. Na kuma san in na faɗe shi, sunan da na yi shekaru ina tarawa ya zube, wataƙila har da aurena. Tsoro ya kama ni. Sai na ji Iya tana warware zanen da za ta naɗe shi a ciki. Wallahi ban san lokacin da na juyo ba.

Na durƙusa a bakin gadon na ce, "Sule."

"Na'am," in ji Malam daga ƙarshen gado. Tun rasuwar mahaifiyarsa ba wanda ya kira shi haka, bakinsa ne ya riga shi.

Iya ta saki zanen ta dafe ƙirji tana salati. Ni kuwa na riga na faɗa ruwa. Na kawo bakina kusa da kunnen yaron na fara, "Sule, Sule mai ƙaton kai." Fatar idonsa ta motsa. "Sule mai faɗa kan gishiri." Ido ɗaya ya buɗe, sannan ɗayan.

"Ci gaba, ci gaba," in ji likita. "Ɗaga murya. Koma hagunsa kina yi."

Na koma hagu ina waƙa. Idanun suka biyo ni a hankali.

"Yanzu zagayo dama. Kada ki tsaya."

Hanyar dama kuwa sai ta gaban Malam. Haka na ratsa ta gabansa, mayafi ya zame, hawaye da majina sun haɗu, ina rera "ba ka daka, ba ka tankaɗe, in an kawo ka fi kowa loma." Idanun Baffa suka zagayo tare da ni. Likitan nan, Allah ya saka masa, bai san me ake ciki ba, murna kawai yake, ya sa na maimaita ya fi a ƙirga don ya tabbatar. Duk iyayen yaran ɗakin sun miƙo wuya. Haruna ya cusa hula a baki kafaɗunsa na rawa. Babanku ya zura wa silin ido kamar yau ya fara ganin fanka.

Malam ya dubi yaron ya daɗe, ya sa hannu ya shafa kansa shi kansa, ya juya ya fita. Ta taga na ji yana cewa, "Haruna, ɗauki fasinjanka ka tafi. Mu muna nan."

To ku ji da kyau, nan ne kuke ɓata labarin. Ba kirana ne ya tashe shi ba. Allah ne ya tashe shi, ta hanyar allurar nan da jinin babanku. Da na yi waƙar jiyansa, da ko gezau ba zai yi ba, na zubar da mutuncina a banza. Likita ya riga ya gani a farce da numfashi. Ni dai na nuna wa waɗanda ba sa karanta farce. Likitan kansa bai ce an tsira ba. Ya ce alamu sun yi kyau amma kada a saki jiki, sai yaron ya farka ya haɗiyi abu da bakinsa. Kuma gaskiyarsa. Yarinyar da ke gadon kusa da mu, 'yar wasu mutanen Maruta, ta zo da alamun da suka fi namu kyau nesa ba kusa ba, har tana neman ruwa da bakinta. Da gari ya waye an naɗe katifarta. Har yau in na tuna uwarta sai na yi mata addu'a.

Abin da na biya kuwa na biya. Iya ta daina yi mini magana tun daga asibitin, kuma da muka koma gida ta yi kaka guda ba ta ci miyata ba. Ba waƙar ce ta fi ƙona mata rai ba, cika bakin da ta yi a gaban likita ne. Haruna ya kai labari Sara kafin mu, ya kai Gwaram, duk fasinjan da ya shiga motarsa sai ya sauka da waƙar a baki. Na yi shekaru in na doso rijiya sai in ji wata tana tambayar wata ko gishirinta ya ji. Surukar da ake kwatance da ita ta koma wadda ake ja wa amare kunne da ita. Ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba.

Amma duk wannan daga baya ne. A asibitin, abin da na fi tsoro shi ne shirun Malam. Ya shimfiɗa buzunsa a gindin wata bishiya dab da tagar ɗakinmu, yana jan carbi, bai shigo ba, bai aiko ba. Na ce a raina yana jira ne yaron ya warke ya sa ɗansa ya ba ni takardata.

Washegari da hantsi wata nas ta kawo kunu a kofi da cokali. Ta ce likita ya ce a gwada, in ya farka ya haɗiya za a cire robar hanci, in bai farka ba kuma to akwai sauran aiki. Baffa ya sake nutsewa cikin barcin nan mai nauyi. Na girgiza shi, shiru. Iya ta fita alwala, babanku ya tafi sayen magani, ni kaɗai ce, amma ga kan Malam ina hangowa ta taga. Na sunkuya na fara waƙar a hankali, na cire sunan na sa "yaro", na cire ƙaton kan, na cire lomar. Abin da ya rage ko ni bai yi mini kama da waƙa ba. Yaron bai motsa ba. Na sake, shiru. Kunun yana hucewa a hannuna.

Sai na ji an yi gyaran murya a bakin taga. Malam ne, ya ba ni baya, yana magana da bishiyar kamar yadda yake magana da kwano.

"'Yar nan, ba ya jin wannan. Ki sa sunan."

Kunya ta rufe ni.

"Ki yi yadda kika saba," ya ce, muryarsa ta dushe. "Har da na kan. Kada ki rage komai."

Na yi, ban rage komai ba. Baffa ya buɗe ido ya nemo fuskata. Na kai masa cokali ya haɗiye, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Na biyun kuma ya feso mini shi a fuska.